Na Tafi Roƙon Tsumma Har Goronyo

Ƙyarrr! Ƙarar da ta tashe ni daga Rabah har Goronyo ke nan, alhali ba ta kai ƙarar faɗuwar ludayi ba. Ina tsugune bakin rijiya ina matse wani tsohon zane, sai ya rabe biyu a hannuna.

Zanen na yayata ne, Allah ya jiƙanta. Da damina ta rasu a Goronyo inda take aure, aka kawo mini ɗiyarta Hajo, 'yar shekara biyar, in riƙa. Yarinyar ta zo da zanen nan ƙudundune a hammata. Da shi take kwana, da shi take cin tuwo, in an yi mata faɗa a cikinsa take ɓoye fuska. Ni kuwa na yi makarantar mata a Sakkwato, inda Baturiya ke bin mu tana duba farce da bayan kunne, ba na iya ganin dauɗa in kau da kai. Na daure wata biyu. Ran nan tana wasa gidan maƙwabta na ɗauke shi, na sa sabulun kanti na cuɗa har sau uku. Da ya yage na ɗinke shi tsaf, na shanya, na ninke, ina ganin na yi abin kirki.

Hajo ta dawo ta karɓa, ta kai hanci. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta ajiye shi bisa tabarma, ta ce, "Inna ba ta ciki." Daga ranar ta rage cin abinci, ta daina yi mini magana. Kafin kwana goma ƙashin wuyanta ya fito.

Kayan gadon Hajo suna nan cikin akwati, amma sababbi ne, yayata ba ta ko ɗaura su ba. Tsofaffin zannuwan aikinta kuwa an raba su sadaka ga dangi da maƙwabta. Na tambayi maigidana, wanda ke koyarwa a elementare, ko ya halatta a bi abin da aka bayar sadaka. Ya ce ba ni na bayar ba, amma kada in raba kowa da suturarsa. Sai na ƙudurta zan roƙi ƙyalle kamar tafin hannu daga kowane zane, in haɗa wa yarinyar bargo kafin ɗari ya kama.

Mun tashi da asuba, ni da gwaggon maigida da wana mai fataucin albasa, bisa jakai uku. Hajo na bar ta wajen surukata. Na yi mata sallama, ta juya mini ƙeya. Hanyar Wurno ta bi cikin gonakin da aka gama yankan dawa, kara ya kwanta ko'ina, shanun Fulani sun bazu suna kiwo. Jakina yana da wata ɗabi'a, duk tsamiyar da ya gani sai ya nufe ta ya tsaya kamar an ba shi saƙo. Gwaggon maigida ta ce jakin ya gane matar malami ya ɗauko, shi ya sa yake tsayawa a yi darasi. Da hantsi muka sayi nono wajen wata Bafillata, na kwabo ɗaya ya ishe mu mu uku, muka dama furar da na yi guzuri. Mun wuce 'yan aikin hanya na En'e, hukumar gargajiya, suna zuba marmara da kwanduna, wani ɗan doka yana zaune a inuwa yana yi musu ƙoƙari da baki.

Azahar ta same mu a Wurno. Garin yana bisa tudu, in ka leƙa ƙasa sai ka ga fadama shimfiɗe kore shar, masu jigo suna ɗebo ruwa suna ba albasa da tafarnuwa. Iskar garin ma warin tafarnuwa take, har fura sai ka ji kamar an jefa mata. Muka fara ziyartar hubbaren Sarkin Musulmi da ke garin, na yi wa yayata addu'a, na yi wa kaina ta neman gafara, don na ga laifina ya fi ƙarfin a ce kuskure.

Mun sauka gidan gwaggona, ƙanwar mahaifinmu, wadda aka ba wani zanen saƙi na yayata. Ta yi mana tuwon shinkafa da miyar kuka mai man shanu. Sai da aka ci aka wanke hannu na faɗi abin da ya kawo ni. Ta riƙe haɓa.

"Ke ɗiyag ga! Tun daga Rabah, bisa jaki, roƙon tsumma? Mijinki bai ɗunka maki na?"

Da na ba ta labarin Hajo sai ta shiga ɗaka ta fito da zanen. Ta riga ta kai shi marina an sake turo shi, ya yi baƙi wuluk, babu abin da ke tashi a jikinsa sai shuni. Ta ce, "Da na sani da ban taɓa shi ba." Na ce nima da na sani. Muka zauna mu biyu, masu tsabta, muna share hawaye. Duk da haka ta yago mini gefe. Ta kuma aika ƙauyen Magarya aka karɓo mini ƙyallen wata atamfa mai ganye-ganye daga wata 'yar'uwarmu. Ita ma an wanke ta.

Washegari muka bar jakai muka hau motar gyaɗa zuwa Goronyo, sule ɗaya kowane kai, bisa buhuna. Ban taɓa sanin ina da ƙasusuwa da yawa haka ba sai a motar nan. Gwaggon maigida ta kama salati tun daga tashar Wurno, ba ta sake shi ba sai da muka sauka. Sau biyu ana sauke maza su tura a cikin rairayi. Amma in mota ta hau tudu kana hango gulbin Rima yana walƙiya ta hagu, da jiragen masunta ƙanana kamar ɓawon gyaɗa, sai ka manta da ciwon baya.

Goronyo garin kifi ne. Unguwar da yayata ta zauna, kowane gida da wurin bandarsa, hayaƙi na tashi a hankali. Ina shiga zaure ƙamshin nan ya buge ni, hayaƙin kifi da man shanu da ɗan turaren wuta. Shi ne abin da na cuɗe da sabulu har sau uku, ina ce masa dauɗa.

Surukar yayata tsohuwa ce ƙanƙanuwa, idonta ɗaya ya yi fari, kowa Iya yake ce mata. Na same ta tsakar gida ta shimfiɗa wani abu bisa tabarma ta danne kusurwoyinsa da duwatsun gulbi. Bargo ne na tsummoki, irin wanda take ɗinka wa masunta su yafa in sanyin ruwa ya kama su. Ni da na tafi da niyyar ƙirƙiro abu, ashe sana'arta ce tun tana amarya. Muka yi gaisuwa, muka sake yi wa juna ta'aziyya, ta fara tambayar jikarta. Ban ɓoye mata komai ba.

Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce in nuna mata zanen da na gyara, da ma na taho da shi. Ta kai shi kusa da idonta mai gani, ta bi ɗinkina da farce, sai ta fashe da dariya.

"Wa yak koya maki wanga ɗunki? Kamar haƙoran ɓera!"

Na ce Baturiya ce, har kyauta aka ba ni a kansa.

"To Nasara sabon ƙyalle ta sani. Ja ki gani."

Na ja kaɗan. Ɗinkina bai motsa ba, amma zanen ya sake yagewa a gefensa, tiryan-tiryan. Ta ce zaren kanti ya fi tsohon zane ƙarfi, in an matse shi yanka yake kamar wuƙa. Tsohon abu, in ji ta, da zare mai taushi ake bin sa, a kuma bar masa wurin numfashi.

Kwana uku na yi gabanta kamar sabuwar ɗaliba. Ga yadda take yi, ga mai son koya. Ba ta sa almakashi, da haƙori take ɗan tsaga baki ta yage, don yaga tana bin saƙa. Ƙasa takan shimfiɗa tsohon gwado. Tsakiya sai zannuwan da suka mutu murus, waɗanda ba su iya ɗaukar allura su kaɗai. Bisa kuma ƙyallaye masu sauran ƙarfi, kowane ta lanƙwashe bakinsa ta ɗora a kan na kusa da shi. Zaren na hannu ne, wanda ta kaɗa da mazarinta, takan ja shi cikin kakin zuma sau ɗaya. Daga tsakiya take farawa ta yi waje, tana shafawa da tafin hannu, kowane taku na allura tsawon gaɓar yatsa. Na ce layin nata ya karkace. Ta ce, "Mai barci ka awo nai?"

Abin da ya fi taɓa ni, babu ƙyallen da ba ta san mai shi ba. Wannan rigar mijinta ce da ya yi su da ita shekarar babbar ambaliya. Wancan ɗankwalin ɗiyarta ne da ke aure a Giyawa. In tana ɗinki tana ambaton sunayensu tana yi musu addu'a, rayayyu da matattu, ta ce shi ya sa ba ta jin tsawon aiki. Matan unguwa da suka ji abin da ya kawo ni suka riƙa shigowa, kowace da ɗan ƙyallenta na yayata. Wata ta kawo hoce, wainar dawa, ta haɗa da labarin yadda marigayiya ta yi jinyarta. Na san yayata a ɗakin uwarmu, amma sai a tsakar gidan nan na san matar da ta zama bayan an kai ni makaranta. Sai dai kowane ƙyalle na karɓa nakan kai hanci a ɓoye. Duk an wanke.

Rana ta uku da la'asar saman bargo ya haɗu, saura gefe ɗaya. Ya yi kyau, amma na san in na kai shi haka Hajo za ta ajiye mini shi bisa tabarma. Iya ta kama ni ina shinshina wani ƙyalle. Sannan ta tashi ta shiga ɗaka, ta fito da wata ƙwarya rufe da faifai an ɗaure da igiya. A ciki zanen goyo ne, wanda yayata ta goyi Hajo da shi. Ba a wanke shi ba.

"Wanga ban ba kowa ba," in ji ta. "In kewatta ta kama ni, shi nika buɗewa. Ba ɗiyata ta ba, amma ta hi ɗiya."

Na kasa roƙo. Na ce, "Iya, bar abinki."

"Yi shiru, malama."

Ta kai shi baki ta tsaga da haƙori. Ƙyarrr! Ta mayar da rabi cikin ƙwarya, rabi ta ninke ta cusa tsakanin gwado da ƙyallaye, can bakin da zai zo daidai hancin yarinya. Ta ce a ciki iska ba ta saurin kwashe shi. Ta ɗinke, ta bar wata 'yar kafa a kusurwa daidai shigar ƙaramin hannu. Na tambaye ta, in ƙamshin ya ƙare fa?

"Ƙarewa za shi yi. Shi as sa za ki riƙa shiga ciki tare da ita. Kahin na uwatta shi tahi, naki ya shiga."

Mun juyo ta Wurno muka ɗauki jakanmu. Bargon na naɗe shi cikin tabarma, na rungume shi tun daga mota har bisa jaki, gwaggon maigida tana cewa ko jariri ba a yi masa wannan riƙo. Wana ya cika mangalarsa da albasa, ni kuma Iya ta haɗo ni da kifi banda da dunƙulen zarenta. A hanya na yi ta tunani. Na fita ina ganin na fi matan nan sanin allura da sabulu, na komo da sanin cewa ba kowane abu da ya tsufa ke neman gyarana ba. Tsabta tana nan, ban bar ta ba, addini ne ya hore mu da ita. Amma yanzu kafin in ɗauki abin wani in kai rijiya, ko na yaro ne, sai na tambaya.

Mun iso Rabah da la'asar sakaliya. Hajo tana zaune gindin turmi, ta ƙara ramewa. Yafendo take ce mini, kamar yadda ake kiran ƙanwar uwa a gidanmu, amma rabon da in ji sunan a bakinta an fi kwana ashirin. Na shimfiɗa bargon bisa tabarma na koma gefe ina kwance kaya.

Ta matso. Ta taɓa atamfar mai ganye-ganye, ta taɓa baƙin saƙin Wurno. Ta bi baki da yatsa har ta sami kafar nan, ta zura hannu. Ta tsaya cik. Sai ta kwanta ta ja shi har bisa kai, na ga bargon yana hawa yana sauka da numfashinta. Surukata ta miƙa mata guntun kifi ta ƙarƙashi, hannu ya fito ya karɓa.

Can sai ta ɗaga gefe ɗaya ta leƙo, ta dube ni.

"Yafendo, taho ki ji, Inna tana ciki. Amma wanga kam kak ki wanke shi."