Mai Makullin Da Ba Ya Shiga Sai Da Sallama

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, da hantsi, labari ya iso ofishinmu cewa Allah ya yi wa Mai Makulli rasuwa a asibiti, bayan jinyar ƙoda da ta raba shi da mu tun farkon shekara. Dogo, abokin aikinsa a sashen kwamfuta, shi ya hau bene ya faɗa mana. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya kasa shigowa, ya kasa komawa. Ni kuwa hannuna yana kan linzamin kwamfuta, na daɗe ban ɗauke shi ba.

Ga wanda bai san wurin aikinmu ba, kwamfutocinmu na kamfani ne, kuma a kulle suke. Kana iya rubutu, kana iya aika saƙo, amma ba ka da ikon saka ko da manhaja guda. Da ka gwada sai ta nemi kalmar sirrin mai kula, wadda ba ka da ita. Mai riƙe da ita yana zaune a wani ɗan ɗaki mai sanyi a ƙasan bene, tsakanin wayoyi da matattun firintoci, kuma daga can yake shiga kwamfutar kowa ya saka abin da ake buƙata. Kai ne wannan mutumin, ɗana, duk da ba ni na haife ka ba. Shi ya sa muka laƙaba maka Mai Makulli, har sunanka na yanka ya kusa ɓacewa a bakinmu.

Da farko ban so tsarin ba, kuma ban ɓoye ba. Ni da na fara buga rahotanni tun zamanin tafireta, a ce sai na nemi izinin wanda na girme wa nesa ba kusa ba kafin in taɓa abin aikina? Na sauko har ɗakinka na zazzage maka abin da ke raina. Ka miƙe ka ba ni kujerarka, ka saurara har na gaji, sannan ka ce, “Goggo, makullin nan ba gadon gidanmu ba ne, ajiya aka ba ni. Ɗakinki naki ne, ba zan taɓa shiga ba sai kin ce in shigo.”

Na ɗauka daɗin baki ne irin na 'yan zamani. Ashe da gaske kake. Kana da ikon leƙa allon kowa ba tare da ya sani ba, amma ka tsara aikinka ta yadda kafin ka taɓa kwamfutar mutum sai wani ɗan akwati ya bayyana a tsakiyar allo: “Assalamu alaikum. Mai Makulli ne. In shigo?” A ƙasa akwai wurin dannawa biyu, ɗaya “Shigo”, ɗaya “Dakata”. In mutum ya danna “Dakata”, to ka dakata ke nan, ko da manaja yana tsaye a kanka yana huci. In ya ce ka shigo ma, sai ka fara kiran wayarsa ka ce ya rufe abin da zai rufe. Mai kula da sito, wanda rabin ranarsa ke tafiya a kallon sakamakon ƙwallo, ya fi kowa godiya da wannan ɗabi'a. Ya sha cewa da likitoci suna da kunya irin taka da ya fi zuwa asibiti.

Ba kowa kake biya wa buƙata ba, kuma ba ka jin nauyin cewa a'a. Sakatariya ta roƙe ka ka saka mata wasan da jikanta zai riƙa yi in ya zo hutu, ka ƙi. Ta yi fushi, ta daina amsa gaisuwarka. Ranar da yaron ya zo, sai ga ka da tsohuwar kwamfutarka ta gida a hammata, cike da wasanni, ka ajiye masa a kan benci. Dokar kamfani ba ta karye ba, zuciyar kaka ma ba ta karye ba.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau nawa ne ni kaɗai. Shekara biyu da suka wuce idanuna suka fara ja da baya. Haruffa suka riƙa narkewa a gabana, layi yana hawa kan layi. Likita ya ce ciwon ba ya warkewa, sai dai a rage masa gudu. Ban faɗa wa kowa a ofis ba. Aikina duka karatu ne da bugawa, kuma na san abin da ke biyo baya in aka ji mai buga rahoto ba ta gani: za a yi mini walimar ban kwana, a yabe ni, a sallame ni, alhali autata tana tsakiyar karatu kuma ni ce uwa ni ce uba. Tsoro na ji, irin wanda ke hana mutum cin abinci.

Wata rana firinta ta ƙi ni, na kira ka. Ka yi sallama, na ce ka shigo, ka ce in nuna maka inda nake dannawa. Kana can ƙasa kana kallon allona, ka ga kibiyar linzamina tana lalube, tana wuce wurin tana dawowa, kamar mai neman makunnin fitila a ɗakin da ba nasa ba. Ka gyara firintar, ka yi mini sai an jima, ba ka ta da maganar abin da ka gani ba.

Akwai manhajar da ke ƙara girman rubutu, har ta karanta wa mutum shi a kunne. Da a ce ni kaɗai za a saka wa, sai an kai sunana da dalilina gaban manaja. Ba ka bi ta nan ba. Ka je ka ce masa kallon allo yana cin idon ma'aikata, ya kamata kowa ya samu, kuma gaskiya ka faɗa. Ya amince. Ka tura ta ga kwamfutocin bene gaba ɗaya, kowa ya amsa sallamarka, kowa ya samu. Ba a jima ba manajan da kansa ya fi kowa amfani da ita, yana yabon dabararsa. Ni kuwa na sa abin ji a kunne na ci gaba da aikina, babu wanda ya nuna ni da yatsa. Da na tare ka a matakala zan yi godiya, ka riga ni: “Goggo, ni allo kawai nake gani, ba na ganin mutane.” Ka wuce kana murmushi, ka bar ni da hawaye.

Kana kwance a asibiti aka sanar cewa za a kwashe tsofaffin kwamfutoci a kawo sababbi, fes, babu komai a cikinsu sai abin da kamfani ya ga dama. Na ce yau ake yin ta, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na je duba ka da niyyar in yi maka maganar, na tarar ka rame, matarka tana shafa maka ruwa a goshi. Kunya ta kama ni, na haɗiye maganar. Kai ne ma kake tambayata ya autata take da karatu.

Litinin ɗin da ta biyo bayan rasuwarka aka jera mana sababbin. Na zauna gaban tawa, na kunna, rubutu ya fito ƙanana kamar tururuwa, ban iya karanta ko sunana ba. Na fara shirya abin da zan faɗa wa manaja. Sai ga ɗan akwatin nan a tsakiyar allo, da manyan haruffan da ko ni na gani: “Assalamu alaikum. Mai Makulli ne. In shigo?”

Daga wannan tebur zuwa wancan na ji ana amsawa a hankali, “Wa alaikumus salam.” Sakatariya ta kifa kai a tebur. Dogo ya shaida mana cewa kafin ka tafi jinya ka tsara komai a babbar kwamfutar da ke ƙasa, duk sabuwar da aka kunna ta janyo manhajar da kanta. Ya ce ka ja masa kunne kada ya cire ta daga tsarin, ya tambaye ka don wa, ka ce don kowa. Na danna “Shigo”. Rubutu ya buɗe, na ga aikina.

Yau ni da bakina nake faɗin abin da ka rufa mini, don 'ya'yanka su san wane ne ubansu. Na riga na faɗa wa manaja ma, ya ce aikin da bai taɓa samun kuskure a ciki ba, ba zai fara neman aibinsa yanzu ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarka, wadda ta ce mini tun kana ƙarami ba ka taɓa ɗaga labulen ɗakinta ba sai ta amsa. Ina yi wa matarka da 'ya'yanka mata biyu, da Dogo, da mu duka da ka bari a bene. Allah ya ba su haƙuri, ya raya abin da ka bari, ya rufa musu asiri kamar yadda ka rufa wa wasu.

Allah ya jiƙanka, ɗana, ya gafarta maka, ya sa jinyar da ka sha ta zama kaffara, ya haskaka kabarinka. Ka yi shekaru kana tsayawa a ƙofar mutane da makulli a hannu kana jiran izini. Ranar da za ka tsaya a ƙofar Aljanna, Allah ya sa kada a ce maka dakata, a amsa sallamarka a ce maka shigo. Amin.