Silinda ta Huɗu a Hanyar Sanam

Cikin duk shekarun da na yi ina shugaban makanikai a garejin wani ma'ajin hatsi a Filinge, akwai ranar da har yau ba ta bar raina ba. Sojoji ba su daɗe da karɓar mulki ba, aka turo mana wani ajidan, mai muƙami a soja, ya sa ido kan motoci da gazuwal, wato man dizal. Tun daga nan kowa ya shiga kallon ɗan'uwansa da gefen ido.

Muna da wani direba, Alzuma, mutumin wani ƙauye na Kurfai, mai kai gero Sanam da babbar mota. Sau uku yana dawowa da kuka ɗaya: inji na karkarwa, ƙarfi ya ragu, hayaƙi ya sake launi. Irin waɗannan motoci akwai na'urar da muke jona masu, muna kiran ta walis. Ita ke nuna lambar matsala, lambar kuma ta faɗi inda ciwon yake. Kullum abu ɗaya take nunawa: silinda ta huɗu ba ta ƙona mai daidai. Amma a gareji inji lafiya lau.

Ajidan ya yanke cewa Alzuma na sayar da gazuwal a hanya, ya cika tanki da kananzir. Abokan aiki suka ƙara da cewa yakan tsaya ƙauyensu, kuma danginsa masu bori ne, wa ya san abin da ake yi wa motar. Ni ma zuciyata ta karkata can. Aka umarce ni in rubuta rahoto kafin la'asar, a karɓe makulli, a miƙa Alzuma ga jandarmomi.

Na ɗebi mai a kwalba, ya kwanta, na shinshina. Tsabtatacce ne. Ajidan ya ce ai Alzuma zai iya sauya shi kafin ya shigo gari. Sai na musanya injekta ta huɗu, wato bakin da ke fesa mai, da ta biyu. Na goge lambar, muka hau hanya, Alzuma na tuƙi, walis na kan cinyata. A kan kwalta shiru. Muna sauka hanyar jan ƙasa mai gargada inji ya fara karkarwa. Ta huɗu ce dai. Ashe ba injekta ba ce, kuma gurɓataccen mai ba ya zaɓen silinda ɗaya.

Alzuma ya ce, "Shef, tun watan jiya nike hwaɗa maku sai bisa gargada takan yi. Ba wanda ya saurare ni."

Muka tsaya, na bi wayar da ke kai wa injektar wuta. A bayan inji na tarar ta goge da ƙarfe har jan ƙarfen ciki ya fito, an ɗaure ta da guntun robar taya. Na gane ƙullin, nawa ne. Watanni baya maƙalin wayar ya karye, na ɗaure da niyyar sauyawa, na manta. Alzuma ya dubi ƙullin, ya dube ni.

Da na so, sai in naɗe wayar in rubuta cewa tsufa ta yi. Amma na san ajidan ba zai sauke zarginsa ba sai an nuna masa mai laifi. Na rubuta yadda abin yake, da sunana. Ya karanta sau biyu, ya tambaye ni ko mun haɗa baki da direban ne. Sai da ya je ya taɓa wayar da hannunsa ya yarda. Aka sa mini takardar gargaɗi a fayil, tana nan har na yi ritaya. Alzuma ya ci gaba da tuƙinsa, amma bai sake zama cin tuwo da mu a gareji ba.

Ku matasa, walis tana faɗa maku silindar da ke ciwo, ba ta faɗin wanda ya jawo. Kafin ku ɗora wa direba, ku saurari abin da ya ce, sannan ku fara duba inda hannunku ya taɓa.