Wasiƙa Ɗari da Arba'in da Uku, Adireshi Ɗaya

Shekara goma sha ɗaya muna aiki da Nalongo Ndagire a wani ƙaramin kamfani a unguwar Ntinda da ke birnin Kampala, ban taɓa jin wani ya kira ta da sunanta na yanka ba. Tun da ta haifi tagwaye Kampala ta laƙaba mata Nalongo, wato uwar tagwaye, shi ke nan suna ya bi ta. Sana'armu aika imel ne a madadin mutane: makarantu, asibitoci, ƙungiyoyin manoman kofi. Ranar da aiki ya yi aiki mukan fitar da rabin miliyan. Ni ina ɓangaren lallashin kwastomomi, ita tana ɗakin na'urori, inda sanyi ya sa take fama da rigar ulu ko da tsakar rana.

Saƙo dubu ɗari ba a sakinsa lokaci guda. Kana yin haka masu karɓa za su ɗauke ka ɗan damfara, su rufe maka ƙofa. Nalongo ce ke sakinsa kaɗan-kaɗan, kamar mai ba jariri kunu. Wanda ya dawo ta bi shi ta ga dalili. Tana da wani littafi mai baƙin bango da take ɗaurewa da roba, ba wanda ya isa ya taɓa shi. Na taɓa ɗora kofin shayi a kai, sai da muka kwana uku ba ta amsa gaisuwata.

Ran nan maigidanmu Byaruhanga ya shigo yana washe baki, an sabunta manhajar da ke aika mana saƙonni.

"Nalongo, zo ki ga ikon Allah," in ji shi. "Da kanta take ji in masu karɓa sun fara ƙosawa, sai ta rage gudu. Saƙon da ya dawo ta ware shi, wannan akwatinsa ya cika, wancan ya mutu. In kuma ta ga saƙo ya haura biyar zuwa adireshi ɗaya cikin awa guda, sai ta tsare sauran, kada mu dami mutane."

"To madalla, maigida," in ji Nalongo. "Tana dafa matoken ayaba?"

Ya yi dariya. "Ranar Juma'a za mu gwada ta da takardun shiga kwalejin malamai. In ta yi, daga Litinin sai ki koma teburin gaba kina ɗaukar waya. Kin ga kin huta da sanyi."

Ta gyara robar littafinta. Ni kuwa raina ya ɓaci. Mace ta ba ɗaki shekara goma sha ɗaya, a ce ta koma bakin ƙofa tana "sannu da zuwa", kuma wai alfarma aka yi mata!

Juma'a ta zo. Takarda dubu tara, aikin da kan ci wa Nalongo yini guda, manhajar ta gama shi kafin shayina ya huce. Gaskiya ni ma ta burge ni, sai dai na ɓoye. Byaruhanga ya aika aka sayo wa kowa rolex, wato wainar ƙwai naɗe cikin gurasa, har da ƙarin ƙwai. Nalongo ta ture nata gefe, ta kwance roba, ta buɗe littafi, ta buga wata lamba, ta ƙara murya yadda kowa zai ji.

"Baba Chemonges, ya Kapchorwa? Takarda nawa suka shigo?"

"Biyar, 'yata, biyar kacal," in ji muryar wani dattijo. "Ga mutane nan dafe da ƙofar shago tun safe. Wata har ta fara kuka, wai ɗanta bai samu ba."

Byaruhanga ya daina tauna.

Baba Chemonges shagon buga takardu gare shi a garin Kapchorwa, can kan dutse. Duk wanda zai cika fom a ƙauyukan da ke kewaye, adireshinsa yake rubutawa, don shi ne mai imel da firinta da wutar sola. Takarda ta zo ya buga, ya ba 'yan boda-boda, wato 'yan acaba, su kai gida-gida. Bana ɗalibai ɗari da arba'in da uku ne suka rubuta shi. Manhajar ta ba shi biyar, ta tsare ɗari da talatin da takwas don kada a dame shi. Kwalejin kuwa ta ce wanda bai amsa ba zuwa Litinin ya bar gurbinsa.

Nalongo ta ja kujera, ta lalubo inda aka tsare su, ta danna sau ɗaya suka tafi. Ta ɗan ɗaga gira. "Ba laifi," ta ce. "A tsohuwar manhajar da sai na yi awa." Daga nan ta bi shafukan littafin: shago a Masindi, coci a Rukungiri, masallaci a Iganga. Wuri ashirin da bakwai ta saki wa takardu kafin azahar.

Byaruhanga ya share maiƙo a hannunsa. "To ai da sauƙi. Akwai wurin da ake rubuta mata waɗanda ba a tsare wa saƙo. Ki kwafe littafin nan ciki, magana ta ƙare."

"Zan kwafe, maigida, yau ma. Sai dai na Masindi ya sayar da shagonsa watan jiya. Sakatariyar cocin Rukungiri ta yi aure, ta canza adireshi. Wata mai zuwa wasu ne kuma. Wa zai riƙa gaya mata?"

"Ke ya aka yi kika sani?"

"Gaishe su nake yi."

Ranar Litinin ba wanda ya ta da zancen teburin gaba. Manhajar ta ɗauke mata sakin saƙo da bin wanda ya dawo, har Nalongo ta fara yabonta a bayan idon maigida. Lokacin da ya rage mata kuwa duk a waya yake ƙarewa. Jiya na leƙa na same ta cikin rigar ulunta tana tambayar Baba Chemonges ciwon gwiwarsa.

Da ta ajiye na ce, "Nalongo, ashe dai ɗaukar wayar kika koma."

Ta harare ni, ta buga hannu a kan kujerarta. "Daga nan nake ɗauka," ta ce. "Kuma ɗauke min kofinka daga kan littafina."