Ranar da na ɗaura wa Inna teku a fuska

Bayan rasuwar Baba, numfashin Inna ya riƙa sarƙewa. Na ɗauko ta daga Bazaga zuwa gidana a Konni. A asibiti wata ma'aikaciya ta saka min wani abu a waya: da'ira ce mai kumbura tana sacewa, in ta kumbura ka ja iska, in ta sace ka saki. Inna ta karɓe shi ba gardama. Kullum bayan la'asar takan zauna a tabarma, wayar a cinya, tana bin da'irar.

Ni kuwa malamin lakwal ne, wato makarantar boko, mai son a san ya waye, sai na raina abin. Na aro wani gilashi wurin abokin aikina, irin wanda ake ɗaurawa a fuska, mutum ya ga kansa a bakin teku ana ƙirga masa numfashi. Na ce wannan ya fi waya nesa ba kusa ba.

Igiyar gilashin ta ƙi zama a kan ɗankwalin Inna, na lallaɓe ta ta cire shi. Inna ba ta taɓa ganin teku ba. Ruwan da ta sani mai yawa shi ne na kwarin gonarmu in damina ta yi ƙarfi. Da na ɗaura mata gilashin, tana ganin tekun ta miƙe, ta tattare zani har gwiwa kamar za ta tsallaka. Na yi dariya. Ina cikin dariyar mijin ƙanwata ya yi sallama, na amsa ban yi tunani ba.

Shekara tara ke nan Inna ba ta haɗa ido da surukinta, ko ruwa ba ta sha a gabansa. Ya shigo ya same ta kai ba ɗankwali, ƙwauri a waje, tana lalube a tsakar gida. Ya juya da sauri ya fita, amma ta riga ta ji muryarsa.

"Hidda min wanga abu," ta ce a hankali.

Ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi. Kwana biyu ba ta fito daga ɗaki ba, ina jin numfashinta ta bayan labule, kunya ta hana ni shiga.

Rana ta uku na tarar da ita a tabarma da wayar, ta juya tana fuskantar zaure. Na tsuguna na ba ta haƙuri. Ba ta ɗago kai ba.

"Wagga waya dai tana bari na in ga mai shigowa," ta ce.