Ƙofar da Kawu Yake Bari a Gefen Takarda

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya shekara talatin da wani abu yana zana adon gefen takarda a wata maɗaba'a da ke bayan tashar mota. Takardar wasiƙa, ambulan, bangon littafin rubutu, duk da hannu yake yi musu kwalliya: reshe mai siraran ganye, 'yan tsuntsaye, wani lokaci igiya mai sarƙa wadda ido ba ya gane inda ta faro. Teburinsa na jikin taga, alƙalumansa a gwangwanin madara, tawada kala huɗu kacal.

Da na dawo daga karatu na tarar hannunsa ya fara rawa. Mai maɗaba'ar ya ce ko dai a sa zanen Kawu a kwamfuta, ko a koma amfani da adon da ake samu a shirye. Kawu bai yarda da na'urar ba. Takarda ɗaya tak ya ba ni in sa a kwamfutar, ya ce in ta fito daidai zai buɗe akwatin zanensa, in ta lalace sauran su tsufa tare da shi.

Kwana biyu na yi a kanta. Reshen ya zagaye takardar, amma a ƙasa ta hannun dama akwai giɓi mai faɗin yatsu uku. Na ɗauka hannu ne ya gaji a wurin. Na kwafo ganye daga sama na cike shi tsaf, na buga, na kai masa ina jin kaina.

Ya sa tabarau, ya daɗe yana dubawa.

"Ɗan nan, wa ya ce ka rufe musu ƙofa?"

Inna mai naɗin ambulan, wadda teburinta ke kusa da nasa tun kafin a haife ni, ta yi dariya har da share hawaye. Ta ce duk karatun nan ashe ban taɓa rubuta wa kowa wasiƙa ba. Kawu ya yi mini bayani: mutum ba ya gama wasiƙa inda takarda ta ƙare. Sai ya sa hannu sannan ya tuna bai gaida kaka ba, ko bai faɗi ainihin abin da ya sa shi ɗaukar alƙalami ba. Giɓin nan, nan maganar ƙarshe take fita.

Ya jawo durowa ya ɗauko wata tsohuwar wasiƙa a kan takardarsa. Rubutun mahaifiyata ne, layin ƙarshe ya karkace ya bi ta giɓin: yaron ya fara tafiya.

"Kai ne yaron," in ji shi. "Da na rufe, da ban sani ba."

Na cire ganyen na sake bugawa. Ya auna da yatsu uku, ya ce na'urar tana da rowa, a ƙara buɗewa kaɗan. A bugu na uku ya gyaɗa kai, ya miƙa wa mai maɗaba'ar.

Washegari akwatin ya iso a bayan babur, da zane fiye da ɗari biyu. Kawu ya jawo kujera kusa da ni. Kowace takarda sai ya nuna mini ƙofarta da yatsa kafin in taɓa, don wasu a hagu ya bar ta, saboda masu fara rubutu daga dama.