Baba Minti Uku

Ranar da Mama ta ce za ta ba da shaida a coci, duk gidanmu sai da gabanmu ya faɗi. Wata bakwai ke nan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da ita, kuma maganarta ta dawo ne da jan ƙafa, kalma ɗaya sai ta huta kafin ta biyu. Mai riƙe da ƙararrawar tsayar da masu shaida kuwa mijinta ne, Babanmu.

Shekara talatin Baba ya yi a ƙofar kamfanin sabulu, da jan biro a aljihu, yana rubuta lokacin da kowane ma'aikaci ya shigo. Da ya yi ritaya sai dattawan coci suka ga kada baiwar nan ta tafi a banza, suka ba shi kujera a gaba da 'yar ƙararrawa. Doka ita ce minti uku ga kowa. Tun daga nan sunansa ya ɓace, yara da manya Baba Minti Uku suke ce masa, shi kuma yana amsawa da fara'a.

Ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Ya taɓa katse wani direba yana tsakiyar faɗawa rami da mota, har yau ba mu san yadda ya fito ba. Wani baƙo mai wa'azi ma ya sha. Ya yi zurfi a kan rai madawwami, gumi na zuba, yana cewa a sama babu agogo, sai ƙararrawa ta kaɗa.

"Baba, ina maganar har abada ne fa," in ji mai wa'azin.

"Sai mun je can," Baba ya ce. "A nan akwai agogo."

Mu 'ya'yansa mun sha haushin halin nan. Ko addu'ar cin abinci ka ja, za ka ji gyaran murya. Ni dai na daɗe da yanke hukunci cewa ranar da ake rabon haƙuri Baba ya ga layi ya yi tsawo, ya juya gida.

Ranar Asabar ya zaunar da Mama a falo, ya kwance agogon hannunsa ya ajiye a kan tebur, wai a gwada. Gaisuwa kaɗai ta ci minti biyu da rabi. Baba ya share goshi.

"Uwar yara, ki bari in rubuta miki, in karanta a madadinki."

"A'a."

"To in lokaci ya cika fa? In na ƙyale ki, da wane ido zan kalli waɗanda na zaunar?"

Ta daɗe tana haɗa amsar, sannan ta ce, "Ka buga."

Na ji tsoro ƙwarai. Na san in ya katse ta a gaban jama'a, Mama ba za ta sake buɗe baki a cikin mutane ba.

Ranar Lahadi na riƙe ta har gaban makirufo. Ta fara gaisuwa. Minti uku suka cika tana kan gode wa Ubangiji, sai cocin nan kaf ya bar kallon mai shaida ya koma kallon Baba. Har mawaƙa suna leƙe ta bayan juna. Baba ya ɗauki ƙararrawar. Sai ya cusa yatsa ya danne harshenta, ya ɗora ta a cinya kamar mai riƙe da kaza kada ta yi kuka. Fasto ya saci kallon agogonsa, Baba ya galla masa harara, bawan Allah ya mai da hannu aljihu.

Mama ta ci gaba a hankali. Wani wuri kalma ta maƙale mata, muka yi tsit muna jira, ana jin ƙarar fanka. Ban taɓa ganin cocinmu ya yi shiru haka ba. Can sai ta ɗaga hannunta mai lafiya ta nuna Baba.

"Mutumin nan," ta ce. "Wata bakwai... shi ke ba ni abinci... a baki. Yana rufe ƙofa... kada yara su gani."

Ni da ƙannena muka kalli juna. Mun ɗauka da kanta take ci. Kunya ta kama ni, don ban taɓa tambaya ba.

"Cokali ɗaya," ta ce, "sai in yi minti..." Ta juya gare shi. "Nawa ne?"

Hawaye na bin kumatun Baba, ya ce, "Ban taɓa dubawa ba."

Mama ta gyaɗa kai, ta fuskanci jama'a.

"To... haka Allah... yake yi da mu," ta ce, ta miƙo mini hannu in mayar da ita wurin zamanta.