Ɗakin da Na Gina wa Inna

Asabar ɗin da ta wuce, gari bai gama wayewa ba muka bar Kano, ni da ƙanwata mai aikin jinya. Sanyi ya kai inda ya kai. Sai da na naɗe hannu da hular sanyi kafin na iya riƙe sitiyari, ita kuwa ta dunƙule a gefe cikin zannuwa uku, ido kaɗai ake gani, tana ta mita wai ni na ce a yi sammako. Ni ɗin ne kuwa. Tun Alhamis hankalina bai kwanta ba, tun da matar yayana ta kira daga ƙauye ta ce, "Ka zo ka ga Inna. Ɗakin nan da ka gina mata akwai abu a ciki."

Bari in ba ku labarin ɗakin tukuna. Bara waccan wutar daji ta shigo unguwarmu, ta lashe bukkoki da rumbunan maƙwabta, ta tsaya a dangar gidanmu. Ran nan na rantse mahaifiyata ba za ta ƙara kwana ƙarƙashin jinka ba. Na yi mata na bulo, da kwano da silin, da tagar gilashi, da ƙofar ƙarfe mai rufuwa ruf. Da kakar bana aka gama. Har hotonsa na saka a shafin nan, wasunku kuka yi ta sa mini albarka, ni kuwa kaina ya yi ta kumbura.

To, tun da sanyi ya shigo, in ji matar yayana, kullum Inna da ciwon kai take tashi, ga jiri, ga amai. 'Yan tsakin da take sakawa a ɗakin saboda sanyi an wayi gari duk sun mutu, babu rauni ko ɗaya a jikinsu. Kyanwar da ta saba kwana a ƙafafunta ta ƙi shiga. Abin da ya fi ɗaga mini hankali, wai ana jin Inna tana hira da Baba, shi kuwa ya shekara tara a ƙasa. Gidanmu akwai masu zuwa coci, akwai waɗanda ba su saki al'adar kakanni ba, saboda haka Fasto ya yi addu'a, wani kawunmu kuma ya yanka zakara a bakin ƙofa. Babu abin da ya canza.

A Dawanau manyan motocin hatsi sun tsare hanya kamar kullum, muka lallaɓa muka wuce. A Bici muka tsaya shan shayi. Kofin mai shayin ya ƙanƙance, kuɗin ya girma, da na yi magana ya ce ai sanyi ne ya tsuke kofin. Na sayi ƙosai mai zafi na ajiye wa Inna. Duk bakin titi mutane ne a tsugune, an kewaye wutar kara ana miƙa tafin hannu, babu mai ko ɗaga kai.

Da muka kama hanyar Shanono sai gonaki suka buɗe, an girbe komai, sai tarin karan dawa jefi-jefi da itatuwan kuka tsirara. Can gaba muka hango hayaƙi ya tokare sama, shirwa sun fi a ƙirga suna shawagi a kansa. Kafin mu ga wutar muka ji ƙararta, tas-tas-tas, kamar ana kakkarya ƙashi. Wani dattijo a kan keke ya ɗaga mana hannu, na tsaya.

"Malam, kada ka shiga hayaƙin nan," ya ce. "Ba ka san abin da ke ciki ba, ko shanu, ko mai babur. In motar ta mutu maka a tsakiya fa? Koma baya wajen filin can da babu ciyawa, ku ɗaga gilashi, ku jira."

Ya ce masu farautar gafiya ne suka cinna ta, iska ta ƙwace musu. Muka jira kusan rabin awa. Da muka wuce, ƙasa ta yi baƙi ƙirin hagu da dama, kututture na ta hayaƙi, ko kukan tsuntsu babu. Toka tana sauka a gilashin mota a hankali. Na ga wata bushiya ta dunƙule a bakin hanya, ta ƙone a haka. A raina cewa na yi, na gode Allah Inna tana cikin bulo.

Da hantsi muka isa gida, muka tarar babu kowa. Ashe duk an kwashi ganye da fartanya an tafi share gefen rumbuna kafin wutar ta juyo. Turmi a kife, murhu a mace. Kyanwar tana kan danga, ta ƙura wa ƙofar ƙarfen ido, ko motsi ba ta yi. Ƙanwata ta tafi neman matar yayana, ni kuma na ƙwanƙwasa. Shiru. Na sake bugawa. Sai can na ji jan ƙafa, aka janye tsummokaran da aka cusa a ƙarƙashin ƙofar, Inna ta leƙo. Ta rame, idanunta sun yi ja.

"Kai ne? Shigo ka rufe, kana shigo mini da sanyi."

Na shiga na rufe, ta mayar da tsummokaranta. Ɗakin da ɗumi mai daɗi, babu hayaƙi, babu wari. Tagar ma ta lulluɓe ta da buhu. Na miƙa mata ƙosai, ta ce zuciyarta na tashi. Muka gaisa, na tambaye ta jiki, sai ta nuna kusurwar da tsohuwar rigar Baba ke rataye.

"War haka yake zuwa," ta ce. "Ya zauna can, ba ya cewa komai. Ni ce dai nake ba shi labarin gida."

Na yi dariyar yaƙe na zauna a bakin gado. Ban san iya lokacin da muka ɗauka ba. Na dai ji kaina ya fara sarawa, muryar Inna tana zuwa daga nesa kamar daga cikin rijiya. Na dubi kusurwar nan. Jama'a, ni ba mai tsoron banza ba ne, amma na rantse muku rigar nan ta cika, kamar da mutum a cikinta. Na yunƙura zan tashi, ƙafafuna suka ƙi. Makullin mota ya suɓuce mini, na sunkuya zan ɗauka, sai na ga wasu jajayen idanu a ƙarƙashin gado. Kasko ne, cike da garwashin gawayi.

Daidai nan ƙanwata ta banko ƙofa. Kallo ɗaya ta yi mana, ta bi inda nake nunawa, ta ƙwalla ƙara: "Ku fito! Ku fito waje!" Ita da matar yayana suka kinkimi Inna, ni kuwa da rarrafe na fita, na yi amai a gindin danga.

Da na dawo hayyacina ƙanwata ta zazzage ni tas. Ta ce gawayi in yana ci a rufaffen ɗaki, guba yake fitarwa wadda ba a gani, ba a jin warinta, tana sa ciwon kai da ruɗewa, mutum ya yi barci ya zarce. Na ce ai tun muna yara Inna da kasko take kwana. Ta ce, "A bukka ba! Jinka tana numfashi, ƙofar asabari tana numfashi. Kai kuwa tulu ka gina mata ka sa murfi." Kunya da tsoro suka rufe ni. Watanni ina taƙama na tsare ta daga wuta, ashe tsakaninta da mutuwa bai wuce kaurin tsumman nan ba.

Muka kai Inna asibiti aka duba ta, aka ce Allah ya rufa asiri. Da la'asar na ari guduma na hau tsani, na fasa ramuka huɗu a saman bangon, na cire gilashi ɗaya daga tagar. Aka kafa doka: kasko ba ya ƙara kwana a ɗaki, a ɗumama da ƙofa a buɗe, a fitar da shi. Na bar mata barguna biyu da muka zo da su. Inna tana zaune a rana tana kallona, ta ce, "Kai ka gina, kai ka fasa. Ni dai ban ce komai ba."

Ran Lahadi bayan an taso coci muka juyo, muka iso Kano kafin magariba. Abin da na koyo ba shi da yawa. In kun ga hayaƙi ya rufe hanya, ku tsaya. In kuna da tsoho a ƙauye, ku tambayi da me yake jin ɗumi, kuma ta ina iska ke shiga ɗakinsa, musamman in ɗakin sabo ne.

Shekaranjiya na kira, aka ba Inna wayar. Muryarta garau. Ta ce kan ya daina ciwo, kyanwa ma ta dawo. Na ce mun gode Allah. Sai ta ce, "Amma tun da ka huda ɗakin nan, Babanku bai ƙara zuwa ba."

Na san Inna, na kuma san inda take ajiye tsummokaranta. Yanzu kullum da safe ina kiran matar yayana, kafin ma mu gaisa nake tambaya: ramukan nan huɗu, a buɗe suke?